Hotunan riƙon ƙwarya: kundin aikin littafin masu sana'ar Kano

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau Alhaji, mai ɗaukar nauyin littafin, ya ba da kafin alƙalami, aiki ya tabbata. Littafin hotuna ne a kan sana'o'in hannu na birnin Kano: marinan Ƙofar Mata, dukawan Kasuwar Kurmi, maƙera, masaƙa da masu ɗinkin hula. Girman A4, shafi 96, mai launi daga bango zuwa bango. Adadin shafin ba son raina ba ne, inji ne ya yanke, domin takarda takwas-takwas ko sha shida-sha shida ake naɗa ta, kuma 96 ta rabu da kowanne ba saura. Alhaji yana son littafin a hannu kafin azumi, wato wata biyu da 'yan kwanaki ke gabana.

Ga inda gizo ke saƙar. Malam mai ɗaukar hoton yana Jos a wani aiki, kuma faifan da hotunan ke ciki yana cikin jakarsa. Na roƙe shi ya turo mini ko da samfuri ne in fara tsara shafuka. Da daddare wayata ta yi ta ƙara har ta yi zafi: hoto 211 ta WhatsApp. Alhaji ya ƙara da guda ɗaya daga wayarsa, na wani dattijon marini da ya rasu, ya ce shi za a sa a shafin sadaukarwa. Jimla 212.

Na buɗe ɗaya na duba. Fiksil, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, 1600 a tsawo, 1066 a faɗi. Kyamarar Malam kuwa 6000 da 4000 take ɗauka. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, ba a matsayin fayil ba, kowa a sana'ar nan ya san wannan. Ba za su bugu ba. Amma za su iya riƙe wuri kafin masu wurin su iso, don haka na sa musu suna hotunan riƙon ƙwarya.

Alhamis, 11 ga Janairu

Yaron shagona ya tarar da ni na buɗe InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, ya ce, "Oga, ba da Corel za mu yi ba?" Ban ga laifinsa ba. Mu nan CorelDRAW muka tashi da shi, da shi muke katin biki da kalanda da fostar 'yan siyasa. Amma yadda muka saba aiki da shi, duk hoton da ka shigo da shi cusa shi ake yi a cikin fayil ɗin, ya zama ɗan gida. Kati mai hoto biyu ba matsala. Littafi mai hoto 212 kuwa, fayil ɗin zai kumbura har laftof ɗina mai ram gigabait 4 ta fara nishi duk lokacin da na ce ta adana. Corel ma yana da hanyar jona hoto daga waje, sai dai ban taɓa ganin wanda ke amfani da ita a layinmu ba.

Na zaunar da shi na yi masa bayani da abin da ya sani. Cusa hoto kamar ka ɗauko saniya ka shigar da ita ɗaki ne. Jona hoto kuwa, saniyar tana turke a waje, kai igiya kawai ka riƙe da hotonta ƙarami a aljihu. InDesign haka yake yi: idan ka ɗora hoto a shafi, adireshin fayil ɗin yake rubutawa, sannan ya yi wa kansa ɗan ƙaramin kwafi da zai riƙa nuna maka a allo. Sai ranar fitar da PDF yake bin igiya ya ɗauko na ainihi. Akwai taga guda da ke jera duk hotunan da aka jona, mu muna ce mata tagar linki. Idan fayil ya ɓata, alamar tambaya ja za ta fito a gefensa. Idan an taɓa shi bayan an ɗora, alama ce ruwan ɗorawa mai kusurwa uku.

Abin da ya fi haɗari, na gaya masa, shi ne idan igiya ta tsinke shafin ba ya zama fanko. Ƙaramin kwafin nan yana nan zaune, a allo ka gan shi tsaf. In ka yi kunnen uwar shegu da gargaɗin da manhajar ta yi maka ka fitar da PDF, shi za ta sa maka, kuma sai takarda ta fito daga inji za ka gane.

Shafi 12 na farko sun tsaru yau.

Asabar, 20 ga Janairu

Shafi 58. Hazo ya yi yawa, ƙura har cikin madannai. Salon rubutun da na zaɓa wa kanun babi ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, "Ƙofar Mata" ta fito da akwati a madadin harafin farko. Na sauya shi da wanda ke da haruffa masu lanƙwasa, kanu shida suka ƙara tsawo, na sake gyara su. Malam ya ce zai ba direba fulash ranar Juma'a.

Asabar, 27 ga Janairu

Fulash ya iso tasha jiya da magariba, a naɗe cikin ambulan an lafta masa salatif kamar laya. Hotunan ainihi 211, tsarin TIFF da ba a matse ba, kowanne megabait 72. Lissafin ba wuya: 6000 sau 4000 fiksil miliyan 24 ke nan, kowane fiksil bait uku, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Gaba ɗaya sun haura gigabait 15.

Na yi murna ta minti goma. Niyyata in nuna wa InDesign sabuwar folda in ce ya sauya duk hotunan a bugu ɗaya, domin yana da umarnin da ke yin haka. Amma da suna yake gane hoto, ba da fuska ba. Nawa sunansu irin IMG-20240108-WA0047, na Malam kuma DSC_3312. Ba wanda ya san wani. Kuma WhatsApp ya goge bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin hoto, ranar ɗauka da sa'a da sauransu, balle in jera su da lokaci in haɗa.

Ba makawa sai ido. Na buɗe folda biyu gefe da gefe, yaro yana karanto lamba, ni ina dubawa. Hotunan maƙera da masu hula ba su ba mu wahala ba. Marina ce ta kusa sa ni kuka. Malam ya tsaya a bakin karofi ɗaya ya danna sau tara a jere, mutum ɗaya yana tsoma zane ɗaya, bambancin kawai inda hannunsa ya kai da yadda ruwan baba ke ɗiga. A cikin taran guda ɗaya ya turo mini. Sai da na ƙara girman allo na ƙirga ɗigon ruwa uku da ke sauka daga gefen zanen, sannan na gane DSC_3318 ne, ba 3317 ba. Kuma ashe fulash ɗin ba 211 kaɗai ke ciki ba, akwai wata folda ta ragowar da bai zaɓa ba, ita ta ƙara rikita mu.

Laifin nawa ne. Da tun ranar farko na ce masa, "Malam, rage musu girma a kwamfutarka, ka bar sunayensu yadda suke, ka dunƙule su a zif ka turo a matsayin fayil," da megabait 60 sun ishe mu, da duk wannan bai taso ba. Gaggawa ta sa na karɓi abin da ya zo.

Mun haɗa 74 yau. Saura 137.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

An gama haɗawa daren Laraba. Na kori 'yan WhatsApp gaba ɗaya, na naɗa sababbin masu riƙon ƙwarya da hannuna, wannan karon da ƙa'ida.

Wani zai ce, tunda na ainihi sun zo, kuma InDesign da kansa yana yin ƙaramin kwafi, me ya kawo wasu ƙanana? Dalili uku ne. Manyan suna kan faifan waje a shago, yaro yana share musu ƙura da tabo a Photoshop ɗaya bayan ɗaya, ba na son hannu biyu a kansu. Ni kuma rabin aikin a gida nake yi da dare, lokacin da aka fi samun wuta, ba zan riƙa yawo da faifai ɗaya tilo a Adaidaita Sahu ba. Na uku, malamar da ke rubuta bayanin ƙarƙashin hotuna tana buƙatar fayil ɗin duk bayan kwana biyu, kuma ba mai datar tura gigabait 15.

Da ImageMagick na yi, manhaja ce ta kyauta da ake ba umarni a rubuce. Layi ɗaya:

magick mogrify -path kanana -format jpg -resize 25% -units PixelsPerInch -density 75 -strip *.tif

Ma'anarsa: ɗauki kowane TIFF, mayar da tsawonsa da faɗinsa kashi ɗaya cikin huɗu, ka ajiye shi JPEG a foldar "kanana" da sunansa na asali. Hoto mai 6000 da 4000 ya koma 1500 da 1000, wato kashi ɗaya cikin 16 na fiksil ɗinsa. Lambar 75 ɗin nan da gangan na sa ta. Babban hoto a ɗigo 300 cikin inci faɗinsa inci 20 ne, ƙaramin ma a ɗigo 75 inci 20 ne. Jiki ɗaya, nauyi ne ya bambanta. Duk da haka na leƙa cikin saituna na tabbatar an sa alama a wurin da ke cewa hoto ya riƙe girmansa idan an sauya linki.

Wani amfanin kashi huɗun: tagar linki tana nuna ɗigo nawa hoto ke da shi a inci bayan an ja shi ko an rage shi a shafi, abin da 'yan maɗaba'a ke kira difi'ai. Duk lambar da ƙaramin ya nuna, in na ninka ta sau huɗu na san ta babban. In na ga 75 ko sama, lafiya. In na ga 50, na san na ja hoton fiye da ƙarfinsa, tun kafin in taɓa faifan shago.

Sannan na bi su duka na shata musu jan layi siriri daga kusurwa zuwa kusurwa. Suna ɗaya gare su da manyan, fuska ɗaya, in ba da tambari ba wata rana ni kaina za su ruɗe ni. Foldar gaba ɗaya ba ta kai megabait 70 ba.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na je maɗaba'a a tsayar da farashi. Baba mai inji ya ce kuɗin da ya faɗa a watan jiya ya tashi, dala ta hau, takarda mai sheƙi kuma daga waje take zuwa. Ya ce in Alhaji na son tsira ya sayi takardar yau a ajiye. Na kira Alhaji a gabansa, ya amince.

Da ya ga jan layi a samfurin da na kai, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai tsohon yayi ne ka dawo da shi." Ya yi aiki a wani gidan rarraba launi a Legas shekarun 1990. Ya ce a lokacin hoto a kan wata na'ura mai ganga ake ɗaukarsa, babban fayil ya zauna a kwamfutar gidan, mai tsara shafi a ba shi ƙarami ya tafi da shi. In ya dawo da aikinsa, na'ura ce ke cire ƙaramin ta sa babban a daidai wurin. Tsarin da yake nufi shi ne OPI, wanda kamfanin Aldus, masu manhajar tsara shafi ta PageMaker, suka fito da shi a 1989, kafin Adobe, masu InDesign, ta haɗiye su a 1994. Abin da nake yi da hannu a 2024 an yi masa inji tun ban shiga firamare ba. Su ƙarancin wurin ajiya ya tilasta musu, ni kuma tsadar data da tsohuwar laftof.

Na tambaye shi gaskiyar ƙa'idar ɗigo 300 a inci ɗin nan da muke ta rantsuwa da ita. Ya ɗauko tabarau mai ƙara girma ya ɗora a kan wata kalanda ya ce in leƙa. Hoton duk ɗige-ɗige ne, sayan (shuɗi mai haske) da majenta (ja mai sirkin hoda) da ruwan ɗorawa da baƙi, a jere kamar shukar gero. Ya ce a takarda mai sheƙi layi 150 na ɗigon nan yake bugawa a inci, kuma al'ada ita ce hoto ya ninka wannan sau biyu, shi ne 300. In hoto ya sauka zuwa 250, ko ma 220, mai karatu ba zai lura ba sai in hoton mai siraran layuka ne, kamar zaren saƙa. Ƙasa da 150 kuwa, ya ce, "ko makaho ya shafa zai ji."

Na yi lissafin hoton tsakiya, wanda zai cinye shafi biyu har da milimita 3 na rarar da ake bari a gefe saboda yanka. Na Malam zai ba da wajen 335. Na WhatsApp da bai kai 90 ba.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ranar Lahadi ba a yi aiki ba, an kalli ƙwallo, Kodebuwa ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, yaro ya zo jiya kamar an yi masa rasuwa.

Yau Alhaji ya kira tun ban karya ba. Na tura masa PDF na gwaji jiya. Ya ce, "Wai wannan shi ne shunin Ƙofar Mata? Wannan ai tsumman da ya sha wanki ne. Kuma wa ya ja wa mutane jan layi a fuska?" Na ce, "Ranka ya daɗe, layin alama ce ta cewa ba su ne za a buga ba." Wannan ya wuce. Amma maganar launi ta tsaya mini a rai, don da na duba da idon basira, gaskiyarsa ne. Zanen da ke ɗigar baba a shafi na 23 ya koɗe, jar fatar dukawa ma ta yi fari-fari.

Na yi awa guda ina zargin allon laftof. Har na buɗe babban hoton da niyyar ƙara masa launi, Allah ya taimake ni na ajiye shi gefe da ƙaramin tukuna. Babban lafiyarsa ƙalau, shuɗin nan mai duhu har yana ɗaukar ido. Ƙaramin ne mara lafiya, kuma ni na sa masa cutar. Kalmar strip da na saka a umarnin nan don rage nauyi, ba bayanan kyamara kaɗai ta goge ba, har da ɗan bayanin da ke gaya wa manhaja da wane ma'aunin launi aka auna hoton. Malam da ma'aunin Adobe RGB yake aiki, wanda ya fi ma'aunin gama-gari na sRGB faɗi. Da bayanin ya ɓace, manhaja ta ɗauka sRGB ne, ta karanta lambobin da mudun da ba nasu ba, launi ya zube.

Na cire kalmar na sake fitar da su, na sake shata layin. Minti 25. Da na buɗe littafin alamar ruwan ɗorawa ta cika taga, na ce ya sabunta duka, shuni ya dawo. Abin da ya tsorata ni shi ne saura ƙiris in gyara lafiyayye saboda ciwon mai riƙe masa wuri. Daga yau doka ce a shagon nan: ba a yanke hukuncin launi ko kaifi a kan hoto mai jan layi. Wuri da girma kawai aka ba shi.

Sauran damuwar shuni tana gaba. Shuɗi mai duhu in aka mayar da shi launukan inji huɗu yakan karkata ya yi sirkin ja kamar an ɗiga masa zoɓo, idan majenta ta matso kusa da sayan. Wannan a kan manyan za a duba shi, da samfurin takarda a hannu.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Shafi 96 sun cika, bayanan hotuna sun shiga. Malam ya aiko da gyararrun hotuna shida, wannan karon a matsayin fayil, da sunayensu. Sai dai biyu ya datse musu gefe don su fi kyau, sun tashi daga awon 3 da 2 sun koma kusan murabba'i. Da na sauya, maƙerin shafi na 41 ya rasa rabin guduma. Suna ɗaya bai isa ba ashe, sai siffa ma ta zama ɗaya. Na kira shi na ce, "Malam, don Allah a bar mini yanka, ni zan yi a shafi." Ya ce shi ma hoton ɗansa ne, ba ya son a gan shi da kunnen wani a gefe. Mun shirya: ya turo cikakku, na yanka yadda ya so.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Ranar sauke masu riƙon ƙwarya. Na kwafe fayil ɗin littafin na ajiye gefe saboda tsaro, na jona faifan shago, na zaɓi duk abin da ke tagar linki, na nuna masa foldar manya, na ce ya nemi suna iri ɗaya amma mai ƙarewa da tif a madadin jpg. Laftof ta yi shiru, fanka na kuka, na fita na sayi shayi. Kafin in dawo an gama. Na bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, ba jan layi ko ɗaya. Abin da ya ci mana dare huɗu a Janairu, yau kofin shayi ɗaya.

Na sa manhajar ta binciko duk hoto mai linki da ya gaza 250. Uku suka fito, duka na san da su, sun tsaya tsakanin 228 da 240, na bar su.

Har na kai hannu zan fitar da PDF, sai idona ya faɗa kan adadin da ke ƙasan tagar: 211. Littafin hoto 212 gare shi. Na ƙirga a takardar lissafina, na sake ƙirgawa. Sai na tuna da dattijon shafi na 5. Na danna shi, tagar linki ba ta san da shi ba. Na kira yaro. Ya sunkuyar da kai ya ce ranar da na je maɗaba'a Alhaji ya aiko a tabbatar an sa hoton, shi kuma ya buɗe shi ya kwafa ya manna kai tsaye a shafi. Hoton da aka manna haka ba shi da igiya, ba ya shiga jerin, ba ya nuna ja ko ruwan ɗorawa. Kuma da yake bai bi ta hannuna ba, ba shi da jan layi. Mai riƙon ƙwarya ne da ya saje da sarakuna, ya cika shafi guda, a allo ba ka ce komai ba.

Fiksil 960 da 1280. A cikakken shafi wajen 107 ke nan a inci. Kuma shi ne hoton da iyalan mamacin za su fara buɗewa.

Yaro ya ce akwai manhajar waya da ke ƙara wa hoto kaifi, har ya gwada. Ya nuna mini. Hoton ya fito sumul, ido na ƙyalli, gemu a tsefe. Amma tsagen da ke kumatun dattijon ya ɓace, na'ura ta ɗauka tabo ne ta share, ta kuma gyara masa haƙori. Kyakkyawan tsoho ne, sai dai ba shi ba ne. Na ce ya goge.

Hanya biyu ta rage. Ko in rage hoton zuwa faɗin santimita 10, inda zai ba da 240, ko a nemo asalinsa. Na kira Alhaji, ya ce shi ma turo masa aka yi, amma ga kwatancen gidan.

Litinin, 4 ga Maris

Gidan yana cikin lungu, ba nisa da marinar. Babban ɗan marigayin ya tarbe ni a zaure, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, irin shuɗin da sabulu ya daina yi wa magana. Na gabatar da kaina na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce hoton ai na jikin bango ne, ƙaninsa ya ɗauke shi da waya ranar sadakar bakwai ya tura wa dangi. Wato abin da na kusa bugawa hoton hoto ne, ta bayan gilashi, an kuma tura shi hannu zuwa hannu. Shi ya sa akwai wani farin haske a kafaɗar dattijon da na ɗauka rana ce. Hasken taga ne a kan gilashi.

Ya shiga ya daɗe. Na ji muryar tsohuwa daga ciki tana cewa ba za a fita da shi ba, wanda aka ara wa wani ɗan jarida bai dawo ba har yau. Na ɗaga murya daga zaure na gaishe ta na ce, "Hajiya, ba sai ya kwana ba. A haɗa ni da yaro, kafin la'asar yana hannunki." Ta ce, "Ɗan nan, ka ce Allah." Na ce Allah. Aka haɗa ni da jikanta, ya rungume firam ɗin a ƙirji har shago.

Da muka cire kusoshin baya, hoton ɗan ƙarami ne, inci 4 da 6, irin na situdiyo, gefensa ya fara ja. Na goge gilashin sikana, na ɗauke shi a ɗigo 600 cikin inci, ya ba ni 2400 da 3600. A cikakken shafi wannan ya haura 280. Ba wai sikana ta ƙirƙiro abin da babu a takardar ba ne, laushin tsohon hoto yana nan, kuma na bar shi. Amma tsagen ya fito, layi uku a kowane kunci, da zaren hularsa, da shuɗin da ke ƙarƙashin farcensa. Yaro ya share tabon ƙuda biyu a bango, ban bar shi ya taɓa fuskar ba.

Na ba fayil ɗin suna, na ajiye shi a foldar manya, na goge wanda aka manna, na ɗora wannan da igiyarsa. Taga ta nuna 212. Ƙarfe uku da rabi na mayar da firam, Hajiya ta aiko mini da ƙosai a leda.

Asabar, 9 ga Maris

Na tattara littafin da hotunansa da salon rubutunsa a folda ɗaya, na fitar da PDF/X-1a, nau'in PDF na maɗaba'a, kamar yadda Baba ya nema. Samfurin takarda ya fito ranar Alhamis. Kamar yadda na ji tsoro, shunin shafi na 23 da na 24 ya yi sirkin zoɓo. Na rage majenta a manyan hotuna huɗu, alama ta yi ruwan ɗorawa, na sabunta, aka sake gwaji. Na kai wa ɗan marigayin shafin a bakin karofi, ya ɗora shi kusa da zanen da ke shanya, ya ce ya kusa.

An fitar da farantan da ake ɗaura wa injin bugu jiya, inji ya fara juyawa yau da hantsi. Baba ya ce ɗinki da bango sai cikin azumi, Alhaji ya yi ƙorafi ya haƙura. Foldar ƙananan na mayar da ita kan fulash ɗin Malam tare da takardar da ta haɗa sunayen WhatsApp da na kyamara, direban Jos zai tashi gobe bayan asuba.